Agogon Faransa A Bakin Sikelin 'Yan Jari-Bola

Duk wanda ya zauna a Ikko ya san yadda ake ratsa Oshodi: hannu ɗaya a kan aljihu, ido a kan hanya, ba waige ba tsayawa. Shekara huɗu ke nan tun da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa ofishinmu na Ikko, kuma kullum ta nan nake bi safe da yamma tsakanin masaukina a Agege da wurin aiki. Na tarar an riga an rushe kasuwar Owonifari tun 2016, an gina babbar tashar motocin nan da aka buɗe a 2019, sa'an nan a kan idona jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila ta Oshodi da Agege a 2024. Duk wannan bai taɓa tsayar da ni ba. Abin da ya tsayar da ni wani tsohon agogo ne da ko motsi ba ya yi, kuma labarinsa nake so in ba masu karatu a wannan mako, domin ya tono mini wani laifi nawa da na daɗe da binnewa.

Ranar wata Asabar ce cikin daminar bara, ruwa ya tsare ni kusa da layin dogo, na fake a rumfar waɗansu samari 'yan jari-bola, mutanenmu na Arewa. Masu karatu sun san sana'ar. A tura kura unguwa-unguwa ana sayen tsofaffin ƙarafa, a kawo rumfa a ware baƙin ƙarfe daban, alminiyom daban, jan ƙarfe da tagulla daban, kana a ɗora a sikeli a sayar wa manyan dillalai. Mayen ƙarfe shi ne alƙalinsu. Abin da ya kama mai araha ne, wanda ya ƙi kamawa kuwa, in yana da nauyi, shi ne riba.

Ina tsaye ina kakkaɓe hulata, sai na ga wani saurayi a cikinsu, wanda harshensa ya nuna Bakatsine ne, ya jawo wani abu daga buhu ya kwantar a ƙasa, ya ɗaga guduma. Na ce, "Tsaya, ɗan'uwa! Me za ka yi?"

Ya ce, "Yallaɓai, ai dutse ne, ko sisi ba ya kawowa. Tagullar da ke jikinsa nake so, kuma ba ta fita sai an fasa."

Na sunkuya na tayar da abin tsaye. Agogo ne, tsayinsa ya ɗara kamu ɗaya, an gina shi kamar ƙofar wata fada. Ginshiƙai huɗu na farin dutsen marmara suna tsaye a kan dandamali, suna ɗauke da rufi, fuskar agogon kuma fara fat tana rataye a tsakaninsu, da lambobin Rumawa da ƙofofi biyu na yin wani. A can ƙololuwa akwai ɗan tulu na tagulla, an kewaye fuskar da sarƙar ganyaye, kowane ganye da jijiyarsa. An riga an ɓamɓare ado ɗaya daga gefen hagu, an bar ramukan ƙusoshi. Ƙarfen nan mai lilo da ke ƙarƙashin irin waɗannan agogai muka lalubo shi a gindin buhu. Saurayin ya ce daga wani tsohon gidan bene ya samo shi a tsibirin Ikko, magada suna kwashe tarkace domin za a rushe gidan a gina shaguna. Muka yi ciniki, na ba shi abin da yake tsammanin tagullar za ta kawo har da ɗan ƙari, ya karɓa yana kallona kallon wanda ruwan sama ya taɓa wa kai.

Tilas in faɗi gaskiya, ba son kayan tarihi ne ya cika mini zuciya a daren nan ba. Na hau intanet na ga agogai masu kama da nawa a gidajen gwanjo na Paris da Landan, na ga kuɗin da ake sa musu, na buga lissafi da naira, barci ya ƙaurace mini. Kafin asuba na sayi fili a Zariya, na zagaye shi da katanga, na biya wa mahaifina kujerar Makka, duk a kan katifa. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan dutsen da ka kwaso, Allah dai Ya sa ba gunki ba ne." Na nuna mata babu siffar mutum ko dabba a jikinsa, in ban da 'yar fuskar rana da aka zana a kan ƙarfen lilon, ta ce to a ajiye shi a falo, kada ya shigo mata ɗaki.

Da gari ya waye na naɗe shi a bargo na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Zangon Agege, wanda kowa ke kira Baba mai agogo. Bakano ne, ya zo Ikko yana saurayi tare da fataken goro, ya koyi gyara a hannun wani Bayarabe, ya zauna. Yau sana'ar ta koma sauya batir da ɗaura maɗauri, tun da wayar hannu ta raba mutane da agogo. Da na warware bargon sai ya yi shiru, ya wanke hannu ya goge, sa'an nan ya taɓa. Ya juya bayan agogon ya kwance 'yar ƙararrawar da ke ciki, ya miƙo mini madubin da yake maƙalawa a ido, ya ce, "Kai ne ɗan boko, karanta mini abin da ke nan." A jikin farantin tagullar injin akwai ɗan hatimi da'irarre mai ɗauke da sunan Japy Frères da shekarar 1855.

Wannan hatimi ya sa na shafe mako biyu ina karatu bayan an tashi daga aiki, kuma ga abin da na samo a taƙaice.

A ƙasashen Turai masu sanyi akan gina murhun jin ɗumi a jikin bangon falo, a samansa a yi kanta ta dutse, a bayan kantar a kafa babban madubi. Nan ne idon baƙo ke fara sauka in ya shigo. Saboda haka masu hali na Faransa suka mai da wurin dandalin nuna arziki da wayewa: agogo a tsakiya, mazaunin kyandir ko tulun ado ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sanin lokaci ƙaramin aiki ne a wurin irin wannan agogo. Babban aikinsa shi ne ya gaya wa baƙo ko gidan wa ya shigo.

A zamanin Sarki Luwi na 15 adon da ake yayi mai lanƙwashe-lanƙwashe ne, kamar yaɗon kabewa. Ana nan sai aka fara tona garin Herculaneum a 1738, da na Pompeii a 1748, watau garuruwan Rumawa biyu a kudancin Italiya waɗanda dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne tun shekara ta 79 Miladiyya. Da Turawa suka ga gidaje da kayan ɗakin kakanninsu sun fito daga toka, sai sha'awa ta juya. Aka koma wa miƙaƙƙun layuka, da ginshiƙai irin na Girkawa da Rumawan dauri, da tuluna, da sarƙar ganyaye, dama da hagu daidai wa daida. Salon ya bunƙasa bayan Luwi na 16 ya hau gadon sarauta a 1774. Juyin juya hali ya ɓarke a 1789, aka fille wa sarkin kai a 1793, amma salon bai mutu tare da shi ba. Da Napoliyon ya naɗa kansa babban sarki a 1804 sai ya rungume shi, aka ƙara masa gaggafa da karusan yaƙi da siffofin Masar ta Fir'auna. Sunan agogan ya kai har Amurka. Bayan Ingilishi sun ƙone fadar shugaban ƙasar a 1814, Shugaba James Monroe ya aika Paris a 1817 aka sayo kayan ɗaki, cikinsu har da agogo daga ma'aikatar Pierre-Philippe Thomire, shahararren maƙerin tagullar da ya yi wa Luwi na 16 aiki, ya kuma yi wa Napoliyon.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan hannuwan da ke cikin agogo guda. Akwai mai zana fasali a takarda, da mai zubin tagulla, da mai bin zubin da 'yan ƙananan ƙarafa masu tsini yana fito da jijiyar ganye ɗaya bayan ɗaya, da mai ruwan zinariya, da mai sassaƙa dutse, da mai gasa farar fuskar a wuta, sa'an nan mai haɗa inji. Kafin a soke ƙungiyoyin sana'a na Faransa a 1791, doka ce ta raba ayyukan nan, kowa da iyakarsa, kusan yadda maƙera da dukawa da marina suke da unguwanninsu da sarakunansu a biranenmu. Sunan da ke kan fuskar agogo galibi na mai inji ne ko na mai sayarwa. Sauran sun tafi ba suna.

Cikinsu wanda ya fi ban tausayi shi ne mai ruwan zinariya. Yakan narkar da zinariya cikin zaiba ta zama kamar man shanu, ya shafa a jikin tagulla, ya sa a wuta. Zaibar ta tashi ta bi hayaƙi, zinariyar ta manne. Hayaƙin nan shi yake shaƙa kullum, har hannu ya fara rawa, haƙora su zube, hankali ya gushe, kuma da yawansu ba su ga tsufa ba. Abin ya dami wani maƙerin tagulla mai suna André-Antoine Ravrio, har da zai mutu a 1814 ya bar wasiyyar faran 3,000 ga duk wanda ya gano hanyar kare ma'aikatan. Wani masanin haɗa magunguna, Jean-Pierre-Joseph d'Arcet, ya ci kyautar a 1818 da wani murhu mai zuƙe hayaƙi ya fitar waje. Da na karanta wannan sai na tuna samarinmu masu haƙar zinariya a dazuzzukan Zamfara da Neja, waɗanda ke ƙona zaiba a fili da hannunsu, shekara ɗari biyu bayan an san illarta.

Mu ma mutanen Afirka mun shiga cikin adon, ko da yake ba a shawarce mu ba. A 1799 wani maƙeri mai suna Jean-Simon Deverberie ya fito da fasalin agogon da ya kira Afirka: baƙar mace ta tagulla zaune a kan agogo, riƙe da kwari da baka, da dabbar dawa a gefenta. Masu kuɗin Paris suka yi ta saye suna ƙawata falo. Shekara uku bayan haka, a 1802, Napoliyon ya mai da bautar da aka soke a 1794, kuma ba a sake soke ta ba sai 1848. Watau a lokacin da baƙar mace ta tagulla ke zaune a kan kanta ana yaba kyanta, ta jini da tsoka tana gonar rake a tsibiran Faransa da sarƙa a ƙafa.

To, ina matsayin nawa agogon a cikin wannan zuri'a? Frédéric Japy ya kafa ma'aikatarsa a garin Beaucourt, kusa da iyakar Suwizalan, a 1777, inda injuna suka karɓi aikin da hannu ke yi, 'ya'yansa kuma suka gaje shi da sunan Japy Frères. Shekarar 1855 da ke kan hatimin ita ce shekarar da suka ci lambar girma a babban baje kolin duniya na Paris, suka riƙa buga ta a kan injunansu shekaru da dama bayan nan. A wannan zamani an riga an gano shafa zinariya da wutar lantarki, wanda kamfanin Elkington na Ingila ya yi wa rajista a 1840, saboda haka agogon da a da sai fada ya sauko gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata, har ya hau jirgin ruwa zuwa ƙasashe masu nisa. Akwai kuma wata shaida da Baba ya nuna mini. A tsofaffin na asali, da zaren siliki ake rataye ƙarfen lilo, nawa kuwa da siririn ƙarfe aka rataye shi, wanda dabara ce ta baya. A taƙaice dai, agogona jika ne ko tattaɓa-kunne, an yi shi cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ana kwaikwayon salon Luwi na 16. Irinsa suna da yawa a Turai, kuma da adonsa da ya ɓace, kuɗinsa ba zai sayi ko harsashin katangar da na gina a mafarki ba.

Na koma wurin Baba jiki a sanyaye na zayyana masa. Na ce, "Baba, ashe ba na asali ba ne. Na yi asara."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗana, yaron can ya ɗora shi a sikelin kilo, kai ka ɗora shi a sikelin dala. Ban ga wanda ya fi wani a cikinku ba. Shi ma ya fi ka uzuri, don abincin ranar yake nema." Sa'an nan ya jawo hannuna ya ɗora yatsana a kan ganyen tagulla ɗaya. "Shafa nan. Wani bawan Allah ya zauna ya bi wannan da hannu, ya mutu, jikokinsa sun mutu, aikin yana nan. Wannan kilo nawa ne?"

Mako uku ya yi yana aikin. Ya warware injin haƙori-haƙori ya wanke, ya miƙe abin da ya lanƙwashe, ya nemo mabuɗin da ya dace a cikin wani tsohon gwangwani. Ranar da ya kira ni, ya sa na yi wanin da hannuna, ya tura ƙarfen lilo da ɗan yatsa. Agogon ya kama tafiya. Da dogon hannu ya hau sha biyu, sai wata 'yar murya siririya, garau, ta buga sau huɗu. Mai shayi da mai wankin hula da ke maƙwabtaka da shi suka taso suna leƙe. Ni kuwa sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, kuma ba agogon ne ya kawo ta ba.

Shekara shida da suka wuce mahaifiyata ta rasu a Zariya, Allah Ya jiƙanta. A ɗakinta akwai jere irin na matan da: kwalla da langa da fanteka, a can sama kuma tasoshin tagulla guda tara, aikin maƙeran Bida, waɗanda ta gada daga tata mahaifiyar. Duk jajibirin Sallah takan sauke su ta goge da toka da tsamiya har su riƙa ɗaukar ido, ta mayar ta jera, babba a ƙasa ƙarami a sama. Ba a cin abinci a cikinsu. Aikinsu ɗaya ne da na agogon kan murhu, watau su gaya wa mai shigowa ko ɗakin wace ce ya shigo, kuma 'yar gidan wa ce. Da aka zo rabon gado, ƙannena mata suka ce su yanzu zamanin tangaran ne, ba su da wurin ajiye tarkace. Ni ne babban wa, da diflomata ta aikin jarida a aljihu, ni na leƙa waje na kira mai kura. Ya sa mayen ƙarfe, bai kama ba, ya yi murmushi, ya rataya su a sikeli. Kuɗin da aka raba bai kai mu ƙarshen wata ba. Har ranar da agogon nan ya buga a rumfar Baba, ban taɓa zama na tambayi kaina me na sayar ba. Na san sunan maƙeran Paris da shekarun mutuwarsu, alhali kuwa zanen da ke bakin tasar uwata, wanda na tashi ina gani kullum, ba zan iya siffanta shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka 'yan jari-bola nake zargi. Masu gaskiyar cikinsu guminsu suke ci, suna kuma rage wa birane shara. Ba su shiga ɗakin kowa sun ɗauko ba, mu magada mu ke miƙa musu. Haka abin yake a tsibirin Ikko, inda 'yantattun bayin da suka komo daga Barazil a ƙarni na 19 suka gina benaye masu ado suka cika su da kayan ƙetare. Ko gidan Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, wanda aka sa cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa tun 1956, an wayi gari a 2016 an rushe shi. Haka kuma abin yake a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, inda tasoshi da butoci da likkafu da mundaye na kakanni ke bin kura ɗaya bayan ɗaya zuwa tukunyar narki. Muna ta kiran Turawa su mai do kayan tagullar Benin da suka kwashe a 1897, har Jamus ta fara mai da nata a 2022, kuma kiran daidai ne. Amma wanda ke neman a mai do masa abin da aka sace, ya kamata ya dubi abin da yake sayarwa da hannunsa a bakin ƙofa.

Roƙona ga masu karatu kaɗan ne. In an yi rasuwa aka zo kwashe ɗaki, kada a yi gaggawar kiran mai sikeli. A nemi tsohuwar da ta san asalin kayan ta faɗa, a rubuta, a ɗauki hoto, tun da yanzu kowa da na'urar hoto a aljihu. In akwai mai so a dangi a bar masa, ko a yi masa kuɗi cikin rabonsa. In babu, gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano da na Onikan a Ikko suna da ma'aikatan da za a iya nuna wa kafin a yanke shawara. Masu sana'ar gyara irin su Baba kuma, a riƙa kai musu aiki, domin ranar da ya tafi, ban ga yaro ko ɗaya a rumfarsa da zai gaji madubin idon nan ba.

Agogon yana nan a falona a Agege, a kan kabad, tun da ba mu da murhun jin ɗumi a wannan gari mai gumi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan yi masa wani, yana kuma rage minti biyu ko uku a mako. Maiɗakina da ta ce kada ya shigo mata ɗaki, yanzu da bugunsa take sanin lokacin ɗora tukunya. Ramukan adon da aka ɓamɓare na bar su yadda suke.

Kwanan baya na ba autarmu wannan labari ta waya, sai ta yi dariya ta ce ashe ban ƙirga ba, tasoshi takwas mai kura ya auna. Ta ɓoye ƙaramar a cikin zanenta tun ranar, tana ɗakinta a Funtuwa. Ta aiko mini da hotonta, na zauna na daɗe ina duban zanen bakin, sarƙar ganyaye ce da aka bi da hannu, ɗigo bayan ɗigo. Na ce ta ba ni in ajiye kusa da agogon. Ta ce, "Yaya, ka zo ka gani duk ran da kake so, amma ba ta kwana a gidan mai sikeli." Ban yi musu ba, don da na sani ƙeya ce. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.